Ƙofa Uku Ga Manomi Mai Son Kafa Sana'a

In kaka ta yi kyau a Wanke, sau da yawa manomi yakan sayar da gyaɗa da dawa, ya yi niyyar kafa injin niƙa ko rumfar taki. To, kafin ya zuba kuɗinsa akwai ƙofa uku da ya kamata ya ƙwanƙwasa.

Ta fari ta Gwamnatin Tarayya ce, watau hukumar CAC da aka kafa a 1990. Mai ciniki da ainihin sunansa ba tilas ya yi rajista ba. Amma wanda ya raɗa wa sana'arsa wani suna, doka ta ba shi kwana 28 daga ranar da ya fara. Dokar 2020 kuwa ta yarje wa mutum guda ya kafa ƙaramin kamfani. Da can sai biyu.

Ta biyu ta Jihar Zamfara ce, a Gusau. Nan ake rajistar wurin ciniki da ƙungiyoyin gama kai na manoma.

Ta uku ita ce ƙaramar hukuma, mai ba da izinin shago da rumfar kasuwa. Mutumin Tsafe ko Bungudu sai ya nufi tasu. Mai ɗura man gyaɗa a kwalba kuma lalle ya nemi lambar NAFDAC.

Waɗansu kan ƙi rajista don tsoron haraji. Amma in babu takarda, banki ba ya buɗe asusu da sunan sana'a, balle ya ba ta rance, wani kuma yana iya riga mutum rajistar sunan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.