Agogo Mai Wani da Makomar Masu Gyaransa a Suleja

Kalmar agogo ta shigo Hausa ne daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa, haka kuma kalmar ƙarfe da ake ambata kafin a faɗi sa'a tana nuni da zamanin da ake buga ƙarfe don sanar da lokaci, wato Bahaushe ya san sa'a da kunnensa tun kafin ya ɗaura ta a tsintsiyar hannunsa. Agogon da ya fara cancantar kirarin sarkin aiki shi ne mai wani, wanda ba ya amfani da batir, sai dai mai shi ya murza ɗan kan da ke gefensa kowace safiya, kuma wannan murzawar ce ake kira wani.

Abin da murzawar ke yi shi ne naɗe wani dogon siririn ƙarfe da ke kwance cikin 'yar ganga, wanda idan ya ɗaure sarai yakan riƙe ƙarfin da zai tafiyar da agogon kimanin sa'a 40. Da za a sake shi haka nan, da ya warware cikin ƙiftawar ido, don haka duk hikimar agogo ta tattaru ne a kan yadda za a hana shi gaggawa. Ƙarfin yana bi ta jerin ƙafafu masu haƙora har ya isa ga wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke kama haƙori ɗaya ya saki ɗaya, shi kuma yana bin umarnin wata ƙafa mai lilo da ke kai da komowa bisa wata waya mai sirantakar gashi. Wannan kamu da sakin shi ne ƙarar da kunne ke ji, sau 18,000 a sa'a a yawancin tsofaffin agogo, wato biyar a daƙiƙa, sau 28,800 kuma a da yawa daga na zamani. Duwatsu 17 da ake rubutawa a fuskar agogo yakutu ne na haɗi, ana dasa su a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe domin rage ci, ba domin ado ba.

Christiaan Huygens na ƙasar Holan ne ya fito da wayar lilon a 1675, Thomas Mudge na Ingila ya ƙirƙiro ƙarfen mai baki biyu a tsakiyar ƙarni na 18, Adrien Philippe kuma ya inganta wani ba tare da mabuɗi ba a shekarun 1840. A ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu mai batir da ke ƙidaya rawar dutsen kwaz, wanda a agogon yau ke girgiza sau 32,768 a daƙiƙa. Ta fuskar daidaito an gama magana tun daga ranar, domin mai wani mafi nagarta yakan yi kuskuren 'yan daƙiƙoƙi a yini, alhali mai batir na araha sai ya yi wata kafin ya tara kuskuren rabin minti.

Duk da haka mai wani yana da darajar da mai batir ba shi da ita, wato an ƙera shi ne domin a gyara shi, kowane ɓangare nasa yana kwancuwa, a wanke, a sa masa mai, a mayar, shi ya sa agogon da kaka ya sayo a Makka kan iya kaiwa ga jika yana tafiya. A nan ne batun ya shafi Suleja, garin da aka sani da Abuja kafin a bai wa babban birnin tarayya sunan, kuma garin da ya ga abin da horo ke yi wa sana'ar hannu, tun da a cibiyar tukwane da Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950 ne Ladi Kwali ta ƙara ƙwarewa har hotonta ya hau takardar naira 20. Gyaran agogo bai sami irin wannan gata ba, daga maigida zuwa yaro ake koyonsa a kan ɗan tebur mai gilashi a bakin kasuwa, kuma yanzu da wayar hannu ke nuna lokaci, aikin mafi yawan masu teburin ya koma canza batir da sauya maɗauri, yaran da a da za su zauna koyo kuma sun karkata ga gyaran waya.

Asarar tana da girma, domin ƙurar hunturu da laimar damina su ne manyan maƙiyan wannan na'ura, mai yakan bushe ko ya daskare bayan 'yan shekaru, agogon ya tsaya alhali babu abin da ya karye a cikinsa. Agogo da yawa da magada suka jefa ƙasan akwati da sunan sun mutu ba sa bukatar komai face wanki da ɗigon mai daga hannun wanda ya san inda ake ɗigawa, kuma masu wannan hannun a Suleja tsufa suke yi.