Farfaɗiya Mai Zarcewa da Illarta ga Ƙwaƙwalwa: Darasi Daga Ɓerayen Gwaji

Bahaushe ya daɗe da sanin farfaɗiya, kodayake yakan danganta ta da bugun iska, ya kuma guji yawun mai ita, alhali ba a ɗaukar ta. Sai dai suna ɗaya ya ba jijjigar da ke lafawa da kanta da wadda ke zarcewa. A 2015 ƙungiyar ILAE mai yaƙi da cutar a duniya ta fayyace cewa jijjigar da ta kai minti 5 tana buƙatar magani nan take, wadda ta haura minti 30 kuwa tana iya barin lahani na dindindin.

Wani ɓangare na wannan sani daga ɓerayen gwaji aka samo shi. A 1983 Turski da abokan aikinsa suka nuna cewa allurar sinadarin filokafin tana jefa ɓera cikin doguwar jijjiga. A lokacin, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan yi ambaliyar sinadarin gulutamet, kalsiyam ya kwararo cikinsu fiye da ƙima har su mutu. Ɓarnar ta fi tsanani a hifokamfus, sashen da ke adana abin da aka koya. Ɓeran yakan farfaɗo kamar ya warke, amma bayan kwanaki ko makonni sai farfaɗiya ta riƙa tasar masa haka kawai.

Ɗabi'arsa ma takan sauya. A gwajin da Richard Morris ya ƙirƙiro, ana sa ɓera ya yi iyo ya nemo dandamalin da aka ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Lafiyayye kan haddace wurin cikin 'yan kwanaki. Wanda jijjiga ta taɓa sai ya yi ta kewaye. Da yawansu kuma sukan zama masu saurin firgita da zafin rai.

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, masana harhaɗa magunguna suna amfani da ɓeraye da 'yan tsaki wajen auna ƙarfin saiwoyi da sassaƙe, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Sai dai tsiron da ya jinkirta jijjiga a dabba bai zama maganin mutum ba tukuna.

Aikin da ya rage wa manazarta Hausa shi ne tsayar da suna, kamar "farfaɗiya mai zarcewa", wanda zai sanar da iyaye cewa jira haɗari ne: a kwantar da marar lafiya a kan gefensa, kada a cusa masa komai a baki, a duba agogo, in minti 5 ya cika a garzaya asibiti.