Mi ke hana a maida yara masu ciwon sida likita?

Yaron da aka haifa da ƙwayar cutar sida yana iya girma lafiya lau in yana shan magani kullum. Amma sai an riƙa maida shi likita a ranar da aka rubuta cikin karne.

Yaro ba ya kai kansa. To, mi ke hana manya?

Na farko, nisa da kuɗin mota. Na biyu, aikin gona: da damana ta sauka, kowa yana daji. Na ukku, tsoron gori: wata uwa ta ɓoye wa mijinta, ba ta da dalilin fita. Na huɗu, maraici: yaro ya koma hannun kaka, ba a gaya mata kome ba. Na biyar, in ya yi ƙiba sai a ce ya warke.

Bai warke ba. Magani yana kwantar da ƙwayar cutar ne, ba ya kashe ta. Kuma bisa nauyin yaro ake auna shi: in ya ƙara kilo, a ƙara magani. In ana tsallake sha, ƙwayar takan yi taurin kai, magani ya daina ci.

Uwaye, ku sanar da amintacce guda cikin dangi, wanda zai kai yaro in ba ku nan. In ranar ta wuce ku, ku je washegari.