Takarda Ta Biyu: Yadda Majalisar Jigawa Ta Canza Hannu A 2015

Jama'a, ranar zaɓen gwamna takarda biyu ake miƙo wa mutum. Ɗaya ta gwamna, ɗaya ta ɗan majalisar jiha. Hankalin yawancinmu yana kan ta gwamna, ta biyun kuwa sai a dangwala mata yatsa a gurguje. To, bari mu duba aikin wannan takarda ta biyu.

Majalisar Dokokin Jihar Jigawa tana Dutse. Kujeru 30 ne a cikinta, alhali ƙananan hukumomin jihar 27 ne. Dalili shi ne, uku daga cikinsu suna da kujera bibbiyu. Babura tana ciki: akwai mazaɓar Babura, akwai ta Kanya. Kazaure da Roni da Gwiwa kuwa kowacce kujera ɗaya gare ta.

Daga 2007 zuwa 2015, zamanin Gwamna Sule Lamido, jam'iyyar PDP ce ke da rinjaye a majalisar. Ranar Asabar, 11 ga Afrilu 2015, aka fita zaɓe. Alhaji Muhammad Badaru Abubakar, ɗan Babura, ya ci gwamna a jam'iyyar APC. A wannan zaɓe kuma APC ta kwashe kujeru 25, PDP ta tsira da 5.

Me wannan rinjaye yake nufi? Gwamna ba shi da ikon kashe kuɗin jiha sai majalisa ta amince da kasafin kuɗin shekara. Kuɗin hanya, da rijiyar burtsatse, da maganin asibiti, da albashin malaman makaranta, duk sai sun bi ta gabanta. Kwamishina ma ba ya kama aiki sai ta tantance shi. Idan aka yi gardama, ƙuri'a ake kaɗawa, masu yawa su yi nasara.

Akwai manyan al'amura da sai kashi biyu cikin uku sun yarda, wato mutum 20 cikin 30. Tsige gwamna yana ciki. Haka nan tabbatar da dokar da gwamna ya ƙi sa wa hannu. Kun ga ke nan, mutum 5 za su iya tashi su yi magana, amma ba za su iya hana komai ba.

Gwamna da majalisa a jam'iyya ɗaya, aiki yakan yi sauri. Amma fa masu tsawatawa sukan yi ƙaranci, kuma kuɗin jama'a yana son mai sa ido. A zaɓen 2019 ma APC ce ta ɗauke kujeru 30 ɗin gaba ɗaya.

Wa'adin ɗan majalisa shekara 4 ne. Idan ya gaza tun kafin nan, tsarin mulkin 1999 ya ba mutanen mazaɓarsa damar yi masa kiranye. Sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu a takardar koke, a kai wa hukumar zaɓe, INEC. Ita kuma ta tantance sa hannun, sannan ta shirya ƙuri'ar jin ra'ayi a mazaɓar.