Yaya Ake Gane Ɓeran Da Ke Ɗauke Da Cuta?

Wani mai sauraronmu, manomin rani, ya aiko da takarda yana cewa ya ji ana kama ɓerayen lambu a kai su ɗakin bincike, shin me ake nema a jikinsu, alhali lafiyarsu ƙalau?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ai lafiyar tasu ita ce abin tsoron. Akwai wata ƙwayar cuta ta bakteriya da ake kira Leptospira, wadda kan zauna cikin ƙodar ɓera ba tare da ta kwantar da shi ba. In ya yi fitsari sai ta bi ruwa ko danshin ƙasa. Kai kuma ka shiga ban-ruwa ba takalmi, ga kaushi ko ɗan rauni a ƙafa, shi ke nan ta samu ƙofa. Sai zazzaɓi da ciwon jiki, a ɗauka na sauro ne. In ta tsananta takan kawo shawara, ta taɓa ƙoda, har ta yi kisa.

A da, sai an reni ƙwayar a cikin kwalba, a yi makonni ana jira kafin ta nuna kanta. Yanzu kuwa akwai dabarar PCR, wadda Kary Mullis na Amurka ya ƙirƙiro a 1983, har ta sa ya samu lambar Nobel a 1993. Kowace halitta tana da nata sinadarin gado, wato DNA, kamar yadda zanen yatsan kowa ya bambanta. Sai a yanki ɗan guntun ƙodar ɓeran, a tace sinadarin, a sa shi cikin na'ura mai ɗumamawa da sanyayawa. In akwai na ƙwayar cutar, komin ƙanƙantarsa, na'urar za ta ninka shi miliyoyi cikin 'yan sa'o'i har a gan shi.

Kada ka ce wannan labarin ƙasashen nesa ne. A 2015 masana sun bayyana binciken da suka yi ta wannan hanya a birnin Yamai, inda suka samu ƙwayar a jikin ɓerayen lambunan da ake ban-ruwa, har da gafiya.

Saboda haka Malam, ka nemi dogon takalmin roba, ka riƙa rufe rauni kafin shiga ruwa. In zazzaɓi ya ƙi jin maganin sauro, ka gaya wa likita irin aikin da kake yi, domin akwai maganinta in an tare ta da wuri. Allah Ya ba da amfani mai albarka.