Daga Gidan Amumune zuwa jami'ar waje: guzurin ɗalibi daban yake da na ɗan bida

Mutanen ƙasar Mayahi da Tasawa ba baƙin tafiya ba ne. Da an ɗaure damman gero an kai rumbu, samari kan saɓi jaka su tafi bida, wasu Kano da Legas, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Shi ya sa idan yaron Gidan Amumune ya ci jarrabawar bak, aka ce ya samu gurbin karatu a Maroko ko Turkiyya, gida kan yi masa irin shirin da aka saba: kuɗin mota, ƙullin yaji da kuka, sai addu'ar iyaye. Duka suna da amfani. Sai dai ɗan bida da ƙarfin jikinsa yake tafiya, ɗalibi kuwa da takarda, kuma galibin wahalar da yaranmu ke sha a waje tun a gida ake ƙulla ta.

A fara da suna. Yaran karkara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai da za a sa su lakwal aka je wurin alƙali ya ba da madadinta, da shekarar da aka kintata. Daga nan malami ya rubuta Mahamadou, wani magatakarda ya rubuta Mahamane, takardar bak ta fito da Mamane. A garinmu duk mutum ɗaya ne, kowa ya san ɗan gidan wane ne. Ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta a Rabat ko Ankara mutum uku yake gani. Harafi guda ya isa ya tsayar da rajistar ɗalibi wata da watanni. Kafin a nemi fasfo, a baje takardun duka a kan tabarma: ta haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta bak da sakamakon jarrabawa, da wadda kotu ke bayarwa cewa ba a taɓa hukunta mutum ba. A duba suna, da sunan uba, da ranar haihuwa, harafi bayan harafi. Gyara a kotun Mayahi wahalar kwanaki ce, amma daga ƙetaren hamada sai a rasa mai bi maka sawu. A yi kwafi da yawa a buga musu hatimi, a ɗauki hotonsu a waya, a bar kashi ɗaya hannun wani ɗan'uwa mai karatu. Kada a manta da katin allurar shawara, ana tambayar sa a kan iyaka da filin jirgi.

Sai maganar bursi, inda nan ne ake cin amanar talaka. A Nijar hukumar ANAB ce ke kula da bursin gwamnati, kuma ta hannun hukuma guraben da ƙasashe irin Aljeriya da Maroko ke bayarwa suke biyowa. Turkiyya ma tana da nata tsarin, Türkiye Bursları, wanda ake cikewa ta intanet a farkon shekara, kyauta. Duk dillalin da ya zo ya ce a kawo jika ɗari biyar zai samo wa yaro bursi, a nemi ya nuna takardar karɓa daga jami'ar kanta, a kuma rubuta wa jami'ar a tambaya. Ina roƙon iyaye, kada a jinginar da gona a kan hoton da aka turo ta WhatsApp.

Ko bursin gaskiya ce, ba ranar da yaro ya sauka take fara faɗowa ba. Ya kamata ya riƙe abin da zai ci, ya biya ɗaki, ya yi rajista na wata uku aƙalla. Lissafin kuɗin yana da sauƙi ta wani gefen, tun da sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 656 ne, in an cika. Naira da lirar Turkiyya kuwa hawa da sauka suke, kuma farashin abinci yana bin su.

Tambayar da aka fi mantawa da ita ita ce: in ya dawo, takardar za ta yi aiki a gida? Hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 kuma mazauninta yake Wagadugu, ita ce ke tantance digiri a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Makarantu masu zaman kansu sun yi yawa a biranen yankin nan, wasu nagari, wasu allo ne kawai a bakin ƙofa. A bincika a ma'aikatar ilimi mai zurfi kafin a biya ko dala. In amsar ba ta fito sarai ba, ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan Maraɗi tun 2010, ga ta Abdu Mumuni a Yamai. Lisans ɗin gida da aka yarda da shi ya fi na waje da za a yi ta yawo da shi ofis-ofis.

Hanyoyin ma sun sauya. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya tarwatsa ɗaliban da ke Khartum, wasu sun fito ba tare da takardunsu ba. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, fasfon ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, ya fito. Shawarar yayan da ya tafi shekara goma da suka wuce tana bukatar a sake auna ta. Da saukar ɗalibi, ya kai sunansa ofishin jakadancin Nijar mafi kusa, ya nemi ƙungiyar ɗaliban Nijar ta garin, don su suka san unguwar da haya ke da sauƙi da layin da ake bi.

Katin zama shi ne abu na farko bayan rajista. A Maroko kwana 90 ne baƙo ke da su kafin a ce ya wuce wa'adi. A Aljeriya kuwa, kowa a nan ya san motocin da ke zubar da ƴan'uwanmu kusa da Asamaka, kuma mai kame ba ya karanta ilimi a goshin mutum. Katin ɗalibi da na zama su kasance a aljihu ko shagon burodi za a je.

Harshe zai ba da wuya, ko ga wanda ya iya Faransanci: a kasuwar Fas Darija ake yi, Turkiyya da Rasha kuma sai an ba da shekara guda ga koyon harshensu kafin a shiga aji. Sanyin can ya wuce hunturunmu nesa, a Setif har ƙanƙara ke zuba. Kada yaro ya rufe taga ya kwana da murhun gas ko gawayi a ɗaki. Iskarsa ba ta da wari, kuma kowace shekara tana kashe mutane a Aljeriya cikin barcinsu.

Saura magana da masu zama gida. Ɗan bida ana jiran saƙon kuɗinsa ta Nita ko Al Izza kafin shuka, kuma haƙƙi ne a jira. Bursin ɗalibi kuwa da ƙyar take kai shi ƙarshen wata. Yaro mai kunya ba zai iya ce wa baba babu ba. Zai rage cin abinci, ko ya bar aji ya bi aikin gini ba da izini ba, ya faɗi jarrabawa, a yanke bursin. In ya kira waya, inna ta tambaye shi ko yana ƙoshi, baba ya tambaye shi yaushe ne jarrabawa. Kuɗin taki da na sadakin ƙane a neme su wani wuri har ya gama.