Ambaliyar Ma'aji a Kayan Binciken Faɗuwar Kanel: Sakaci Ya Fi Harshen C Laifi

Ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawar manhajar CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu amfani da Windows, a ƙiyasin Microsoft. An tsara gurbin bayani 21, aka kawo 20, manhajar da ke zaune cikin kanel ta miƙa hannu ta karanto abin da ba nata ba. An yi ta maganar jiragen da aka soke. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka gano bakin zaren: daga hoton memorin da kwamfutocin suka bari lokacin faɗuwa. A ɓangaren Linux, kayan da ke ɗaukar wannan hoto da masu karanta shi suna fuskantar irin wannan ciwo na wuce iyakar ma'aji, kuma masu duba su ba su da yawa. A ganina sakacinmu ne kan gaba, harshen C na biye.

Tun 2005 Linux ke da kdump. Ana keɓe wani yanki na memori a ajiye kanel na biyu a ciki. Idan na farko ya faɗi, na biyun ya farka, ya iske memorin mamacin a /proc/vmcore, sai makedumpfile ya tace shi, ya matse, ya rubuta a faifai. Daga baya injiniya ya buɗe fayil ɗin da manhajar crash. Damar ɗaukar hoton sau ɗaya ce. Idan makedumpfile ya yi tuntuɓe a tsakiyar aiki, a yawancin saiti kwamfutar sake tashi take yi, shaidar ta tafi ke nan.

Ga yadda ɓarakar take a kusa. Mai rubuta manhaja ya ware ma'aji mai bayit 128 don sunan wani aiki na kanel, ya kwafo sunan da strcpy ko sprintf bai auna tsawonsa ba, domin a zamaninsa babu sunan da ya wuce haka. Aka shekara goma lafiya. A Disamban 2022 Linux 6.1 ya fito da goyon bayan harshen Rust, wanda sunayensa dogaye ne, aka ɗaga iyakar tsawon suna daga 128 zuwa 512. Duk kayan aikin da ya riƙe tsohon lissafi, daga ranar ya zama kwarya da ake zuba wa ruwan tulu. Abin da ya yi saura yakan malala kan bayanan maƙwabta.

Gyaran kansa bai fi layi uku ba: a auna tsawo, a sauya zuwa snprintf, a ƙi karɓar abin da ya wuce kima. To me ya sa irin wannan kuskure ke daɗewa? Na farko, waɗannan kayan sun yarda da abin da suke karantawa, alhali daga kanel ɗin da ya mutu yake fitowa, kuma sau da yawa lalacewar memori ce ta kashe shi. Jerin haruffan da ya kamata ya ƙare da sifili yana iya zuwa babu ƙarshe, lambar tsawo tana iya zama shirme. Na biyu, hanyar ba a cika bin ta ba. Shi kanel yana da syzkaller da ke jefa masa tarkacen umarni dare da rana, yana da KASAN da ke kama wuce iyaka. Makedumpfile kuwa sai ranar baƙin ciki ake tunawa da shi. Na uku, hannaye kaɗan ne. Dave Anderson na Red Hat ya riƙe crash shekaru masu yawa har ya yi ritaya a 2020, makedumpfile kuma ya daɗe a hannun 'yan injiniyoyin NEC. Sun yi aikin a yaba. Amma mun ga abin da ƙarancin hannu ya jawo wa OpenSSL a 2014, lokacin Heartbleed.

Illar hawa uku ce. Akwai asarar shaida, wadda ke sa a zauna jiran faɗuwa ta biyu kafin a san dalilin ta farko. Akwai wadda ta fi ta muni: ambaliyar da ba ta kayar da manhajar ba, sai dai ta gurɓata wata lamba shiru, injiniya ya kwana yana bin sawun da ba na ɓarawon ba. Sannan tsaro. Abokan ciniki na tura fayilolin hoton memori ga masu ba su tallafi, don haka fayil ɗin da aka shirya da mugun nufi zai iya zama ƙofar shiga kwamfutar da ke cike da hotunan memorin wasu, masu ɗauke da kalmomin sirri da makullai.

Masu cewa a koma Rust suna da hujja, ban musa ba. Microsoft ya ce a 2019 kusan kashi 70 na ɓarakar tsaron da yake gyarawa na memori ne, Chromium ya faɗi kusan haka a 2020. A Android, Google ya ce kason ya sauko daga 76 a 2019 zuwa 24 a 2024. Sai dai da rubuta sabbin sassa a harsuna irin su Rust aka cim ma hakan, tsofaffin suna nan. Crash kuwa a ɗaure yake da manhajar gdb, ba mai sake rubuta shi bana ko baɗi.

Abin da ke hannu a yau ya isa a fara. A riƙa ciyar da kayan nan gurɓatattun fayilolin vmcore da gangan, ƙarƙashin AddressSanitizer. A ɗauki duk bayit ɗin da ya fito daga mataccen kanel a matsayin abin zargi. Kamfanonin da ke sayar da tallafin Linux su ware ma'aikata don wannan duba. Mai kula da saba kuma, bayan kowace sabuntawar kanel, ya kayar da na'urar gwaji da kansa ta /proc/sysrq-trigger, ya tabbata hoton ya fito kuma yana buɗuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.